Fiyanon Mushe

A ƙasarmu ba a tambayar yaro ko yana sha'awar kiɗa. Gidan da aka yanke masa cibi shi ke ba da amsa. Ɗan makaɗi tun bai iya ɗaura wando ba ake rataya masa kanzagi ya bi ubansa gidan biki. Ɗan malami kuwa allo ne da tawada, in aka kama shi yana dukan gwangwani da tsinke sai a aika wa uwarsa ta ja masa kunne. Ni ɗan malami ne. Mahaifina yana da makarantar allo a Tasawa, kuma har na yi aure, har aka yi mini haihuwar fari, hannuna bai taɓa abin kiɗa ba. Ji dai na ji kamar kowa: Shata a rediyon mai shayi, Ɗan Anace a rumfar mahauta, da kukan goge daga bayan gari cikin dare, wanda in ya tashi tsohuwarmu kan ce mu yi a'uziyya mu kwanta.

Da aka koma lakwal a 2003 aka tura ni koyarwa wani ƙauye a ƙasar Mayahi, can gefen da ke kallon Tasawa, cikin yankin ƙaramar hukumar Alasan Mairairai. A lokacin ƙaramar hukumar a takarda kawai take, sai a watan Yuli na 2004 aka yi zaɓen kansaloli na farko. Ina cikin ƴan kwantiragi, malaman da gwamnati ta riƙa ɗiba da yawa a shekarun nan a kan kuɗin da bai kama ƙafar na tsofaffin ma'aikata ba. Ajina rumfar zana ce, sai an gama girbi an samu kara ake kafa ta, ruwan farko kuma ya sallame mu. Rairayi ko'ina, mota sai ranar kasuwa, wutar lantarki kuwa sai a labari. Maigari ya ba ni gida a bakin gari, inda aka saba sauke baƙo. Dangar kara ce tsakanina da maƙwabcina, kuma ba wanda ya gaya mini sana'arsa. Dare ne ya gaya mini.

Mai gurmi ne, dattijo siriri mai furfura a gemu, wanda ya gaji abin daga ubansa. Gurmin nasa bai kai tsawon hannu ba: rabin ƙaramin duma an ɗaure masa fatar damo, sanda ta ratsa shi, tsirkiya biyu a kan ɗan jaki, sai ceba a can ƙarshen sandar tana kaɗa ƴan zobbanta duk lokacin da ya taɓa. Bayan lisha yakan zauna bakin ɗakinsa ya aza shi a cinya. Abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne, yana kiɗan yana zance. Zan ji yana tambayar matarsa ko an ba akuya dusa, yana faɗa da jikansa a kan an bar masa buta a rana, hannun kuwa yana can yana aikinsa, bai tsaya ba, bai karkace ba. Ina kiransa Baba, yana kirana Mushe, kamar yadda duk garin ke kiran malamin lakwal.

Ban saya fiyano don shi ba. Tun ina makarantar horon malamai a Maradi abin ke raina. An koya mana do, re, mi a allo da alli, ba tare da mun taɓa ganin abin da ke fitar da su ba, don mu iya koya wa yara taken ƙasa. Sannan zamanin ne fina-finan Kano suka cika garin. Tun da Sangaya ya fito, kiɗan fiyano ya shiga kowane gida, ƴanmata na yi a bakin rijiya, ƴan kabu-kabu na yi a bakin tasha. Kafin wannan ma akwai wani kiɗa mai sanyi da ake sakawa a gidan rediyo da telebijin na ƙasa tsakanin shiri da shiri, wanda muka tashi da shi a kunne ba mu san mai shi ba. Daga baya na san Mamman Sani ne, shi ma ya yi koyarwa, ya samu wata ogan ƙirar Italiya a shekarun 1970, ya zauna ya koya wa kansa, ya ɗauki kaset a 1978. Wannan labari ya ƙarfafa mini gwiwa ƙwarai: ashe malamin makaranta na iya taɓa wannan abu mutuncinsa bai zube ba.

Nan ne gaɓar take. Da gurmi na saya, da kafin Juma'a labari ya kai Tasawa cewa ɗan malam ya shiga roƙo. Fiyano kuwa a idon mutane kayan lakwal ne, ɗan'uwan taswira da kwamfa. Yana da littafi, ana koyonsa da Faransanci, ba a zuwa da shi ƙofar kowa a yi masa kirari. Da hutun ƙarshen shekara na shiga kasuwar Maradi na samo na hannu, irin kayan da ke shigowa ta Kwatano, ƙirar Yamaha, madannai 61, farare 36, baƙaƙe 25. Ainihin fiyano, mai katako da wayoyi, wanda Bartolomeo Cristofori ya ƙera a Italiya wajen 1700, na zamaninmu madannai 88 gare shi, kuma ƙarti huɗu ba su ɗaga shi da daɗi. Nawa roba ne, na naɗe shi da zanen matata na rungumo shi a bayan a-kori-kura daga Cadawa zuwa Mayahi, daga nan amalanke ta ƙarasa da mu. Wani abokin karatu ya ba ni kwafin Méthode Rose, littafin da yaran Faransa ke fara koyo da shi, shafukansa sun sha hannu har sun yi laushi.

Babba in zai koyi abin yara, jikinsa ne ke fara yi masa gardama. Kaina ya gane komai tun a makon farko: ga layuka biyar, ga inda kowace murya ke zama, ga lissafin bugu. Yatsu suka ce ba su san zancen ba. Yatsan da ke bin ƙarami ba ya ɗaguwa shi kaɗai, sai ya jawo maƙwabtansa. Hannun hagu kuwa, wanda tun muna yara ake buge mana shi in mun miƙa, yanzu ga littafi na cewa ya yi nasa daban, dama ta yi nata daban, a lokaci guda. Ga kuma batir. Manya guda shida yake ci, in sun fara sanyi sai murya ta riƙa rawa tana shaƙewa. Nakan shanya su a rana bisa rufin ɗaki don su ɗan farfaɗo, kamar yadda kowa ke yi wa na rediyo. Da na ga albashi ba zai ɗauka ba, sai na koma yin yawancin koyon a kashe, ina danna madannai ba sauti sai ƙwas-ƙwas na roba, in kunna shi kaɗan bayan lisha in ji abin da na shuka.

Wannan lokacin kuwa shi ne lokacin Baba. Danga ba ta tare sauti. Ina sane da cewa duk tuntuɓen da na yi yana shiga kunnen mutumin da bai taɓa tuntuɓe a gabana ba, sai in rage murya har matata ta ce ita ma da ke cikin ɗakin ba ta ji. Shi kuwa bai taɓa cewa uffan ba. Da safe mu gaisa, ya tambayi iyali, ya tambayi yaran lakwal, ya wuce gona.

Taken ƙasa nake ta fama da shi a lokacin, tsohon, La Nigérienne, wanda aka canja a 2023. Akwai wani wuri a tsakiya da kullum yatsana ke zamewa, in tsaya, in koma baya, in sake hawa. Wani dare na kashe na kwanta, sai na ji gurmi ya ɗauko taken daga farko. Ya tafi da shi sumul, ceba na kaɗawa, har ya iso wurin nan. Sai ya zame daidai yadda nake zamewa, ya tsaya, ya koma baya, ya sake hawa. Matata ta tuntsire da dariya har ta tada yaro. Daga bayan danga ya ce, "Mushe, haka waƙar take, ko kai ka ƙara mata?"

Washegari da la'asar ya shigo da kansa, ya ce in fito da abin ya gani. Na shimfiɗa tabarma na aza. Bai tambaye ni komai ba. Da yatsa ɗaya ya bi madannan tun daga hagu, yana dannawa yana karkata kai, kowane sai ya bari ya mutu kafin ya taɓa na gaba. Da ya kai ƙarshe ya dawo, wannan karon ya tsallake fararen duka, baƙaƙen kawai yake bi, biyu, uku, biyu, uku. Ya ɗan yi gunaguni a maƙoshi, ya lalubo, ya sake lalubowa, kafin in ankara ga kiɗan noma da nake ji ta danga yana fitowa daga robata. Ya ce, "Waɗannan su ke jin Hausa. Me kake nema a wurin waɗancan?"

Abin da littafina bai faɗa ba ke nan, don ba don mu aka rubuta shi ba. Kiɗan Turawa a kan muryoyi bakwai aka gina shi, akwai waɗanda ke manne da juna, rabin taki tsakaninsu. Yawancin namu a kan biyar yake tafiya, ba mai manne da wani, kuma baƙaƙen madannan fiyano biyar ɗin nan ne aka jera, suna maimaita kansu daga ƙasa zuwa sama. Littafin ya ajiye su sai can gaba, a matsayin abu mai wuya. Baba ya same su kafin shayi ya tafasa. Amma bai yaba duka ba. Akwai guda da ya danna ya sake dannawa, ya ɗauko gurminsa ya gwada, ya ce wannan bai nuna ba, a ɗan ja shi sama. Na ce ba ya jawuwa, haka aka ƙera shi. Ya dube ni da tausayi. Gurmi ba shi da gaɓoɓi a sandarsa, yatsa ne ke neman murya inda take, in maƙoshin mai waƙa ya sauka yau sai a sassauta tsirkiya ta bi shi. Fiyano an raba masa tazara kashi goma sha biyu daidai wa daida, kowa ya zo shi zai bi.

Daga ranar na zama ɗalibinsa, ko da yake shi bai taɓa kiran abin da koyarwa ba, kuma da ma'aunin da aka horar da ni ba koyarwa ba ce. Ba ya bayani. In na ce, "Baba, sau nawa zan buga nan kafin in sauka?" sai ya ce, "Har ya isa." Kalmominsa biyu ne, saurara da sake. Abu ɗaya ne ya tsaya a kansa da gaske: kada in taɓa madanni sai na faɗi maganar da baki. A wurinsa babu kiɗan da ba magana ba ne. Kowane ɗan kokowa da takensa, manoma da nasu, maƙera da nasu, kuma wanda ya san take yana jin kalmomin a cikin tsirkiya ko ba a buɗe baki ba, saboda harshenmu da kansa hawa da sauka yake yi. Ya fara ni da gaisuwa. Mata na daka a gidan da ke bayanmu, ya ce in yi musu sannu da aiki. Na buɗe baki, ya ce a'a, da wannan. Ƙasa, sama, ƙasa, sama, ƙasa. Na yi, shiru. Ya ce na faɗa kamar mai karanta wasiƙa, in ja ta ƙarshen. Na sake, na ƙara murya. Taɓarya ta tsaya, wata ta ce "Yawwa, sannu kadai!" suka fashe da shewa. Na taɓa samun takardun shaida a rayuwata, ba wadda ta sa ni washe baki irin na wannan la'asar.

Akwai wani madanni da in ka taɓa, ganga ke tashi da kanta ta yi ta bugu, kai kuma ka aza waƙa a kai. Da shi ake yin yawancin waƙoƙin fim. Na kunna masa ina jiran ya yi mamaki. Ya saurara ɗan lokaci ya ce in kashe, wannan makaɗin kurma ne. Sai da kaka ta yi na gane nufinsa, ranar da aka yi kokowa a filin bayan kasuwa, samarin garuruwan kewaye suka zo. Mutanen ƙasar Maradi ba su ɗauki kokowa da wasa ba, kowane yaro ya san Kantu ne ya fara ɗaukar takobin ƙasa a Tawa a 1975. Na tsaya kusa da Baba ina kallon hannunsa, sai na ga shi ba ya kallon hannun, idonsa na kan ƙafafun ƴan kokowa. In suna zagaye suna auna juna sai ya ja kiɗan ya yi ƙasa da shi. In ɗaya ya kai hannu sai ya tsuke. Akwai wani yaro da ya ga abokin karonsa ya fi shi ƙirji, gwiwarsa ta fara sanyi, Baba ya saki abin da yake yi ya ɗauko taken kakan yaron. Na ga tsikar jikin yaron ta tashi, ya buga ƙafa ya shiga. An kada shi dai, amma sai da aka sha wuya. Gangar da ke cikin robata da ta ci gaba da bugunta ko da filin ya watse.

Wani abu kuma da na lura da shi, wanda har yau bai kwanta mini ba. Mutane sun riƙa zuwa gidana kallon fiyano, har da waɗanda ba za su taɓa zama a tabarmar Baba ba. Ni da ban iya komai ba ana ce mini sannu da ƙoƙari, ilimi kogi ne. Shi da ya iya, in ya yi wasa sai a jefa masa dala biyar ko goma, in ya wuce a ce maroƙi. Zamanin kuma wa'azi ya yi zafi a kan kiɗa, ba a daɗe ba da tarzomar Maradi ta Nuwamban 2000, lokacin da aka ƙona mashaya da wasu gidaje saboda bikin nuna tufafi da aka yi a Yamai. Samarin da suka dawo daga birni da gajeren wando sukan yi wa Baba nasiha a bakin masallaci. Ni ba wanda ya taɓa tarata.

Sau ɗaya na ce ya ba ni gurmin in gwada. Ya janye shi ya aza bayansa, yana murmushi. Ya ce, "Mushe, kai ɗan malam ne, kuma ɗiya mace gare ka. In ka ɗauki wannan, wa zai zo nemanta? Riƙe naka, naka ba ya ɓata suna." Da na ji labarin Malam Maman Barka daga baya, sai maganar ta dawo mini. Shi ma malamin makaranta ne, mutumin Taskar, ya yi suna da gurmi, sannan a 2002, da girmansa, ya tafi bakin tafkin Cadi wurin Bukar Tar, tsohon da ya rage cikin masu kaɗa biram na Buduma, ya zauna ya koya, ya kai abin har Turai kafin rasuwarsa a 2018. An samu tsohon da ya yarda ya miƙa, da babban da ya yarda ya karɓa. A wurinmu Baba ya san garinsa fiye da ni, kuma ban isa in ce lissafinsa bai fita ba.

Sai 2005 ta zo. Fara ta sauka a daminar 2004, ruwa ya ɗauke da wuri, rumbuna suka ƙare tun kafin bazara. Buhun hatsi ya haura jika ashirin, mata na tafiya da yara a goye zuwa inda likitocin agaji suka kafa sansani. Aji ya zama rabi. Ba biki, ba kokowa, suna ma sai a raɗa a watse. Makaɗi daga rarar mutane yake ci, shi ya sa yunwa kan fara da ƙofarsa. Baba ya rataya gurmi ya bi ƴan cin rani zuwa Jibiya da Katsina, yana kaɗawa a tasha da bakin kasuwa. Ni ma na naɗe fiyano na tura ƙarƙashin gado, don wanda ke auna tiya ba ya sayen batir shida. Baba ya dawo da saukar ruwa, ya rame, da ɗan garin rogo a buhu. Ya ce a can ma yanzu kaset ake sa wa a gidan biki, a ɗauko janareta da manyan lasifika, waƙar fiyano tun safe har dare. Ya faɗa yana duban ƙofar ɗakina, ba da zafi ba.

Autansa, saurayi ne lokacin, ya ƙi gurmi ƙememe tun yana yaro, ya ce shi ba zai yi yawon ƙofa-ƙofa ba. Amma in na fito da fiyano yana nan tsugune. Ranar da na bar shi ya taɓa, abin da na yi watanni ina lalube ya kwashe shi kafin magariba, da hannu biyu, har yana ƙara nasa. Kunnen gidansu ne, ba inda ya je. Da aka yi mini canjin wurin aiki a 2007 ya zo ya ce in sayar masa. Muka yi ciniki a gaban uban, ya ba da ɗan akuya da alkawarin cikon bayan kaka, kuma ya cika. Baba bai sa baki ba sai da aka gama, sannan ya ce wa yaron ya riƙa faɗin maganar kafin ya danna.

Baba ya rasu ƴan shekaru bayan tashina, labari ya iske ni a makare. Ni kuma ban zama makaɗi ba. Ina da wani fiyanon yanzu a gida, ina taɓawa in na samu sarari, hannun hagu har gobe sai da lallashi. Yaran da na koyar dai sun yi taken ƙasa a kan murya ɗaya, wanda a lakwal ɗin ƙauye ba ƙaramin abu ba ne.

Autan Baba yana Maradi. Yana da ɗan shago da ya liƙe bangonsa da katifar soso da kwalin ƙwai, kwamfuta ɗaya, makirfo ɗaya, da fiyano babba wanda nawa ba ya ko kusa da shi. Waƙar aure yake yi, da ta ƴan kasuwa, lokacin zaɓe kuma ba ya samun barci. Ana kawo masa sunaye a takarda, ango da amarya da iyaye da abokai, kowane suna da kuɗinsa. Da na leƙa shi bara ya rasa inda zai sa ni, ya aika a kawo lemo, yana ta Mushe kaza, Mushe kaza, alhali shi ma ya tara iyali. Na ce ashe dai roƙon da ka guje shi kake yi. Ya yi dariya ya ce a'a, yanzu su ke zuwa ƙofarsa, kuma sunansa mai situdiyo, har ɗiyar wani alhaji aka ba shi. Ya nuna mini wata murya da ya ajiye cikin na'urar, ya ce ita ce ta fi kusa da gurmi, ya ɗan ja ta da wani ɗan gare da ke gefen hagu don ta nuna. Ya fara ɗauko mini taken noman nan, sai wayarsa ta yi ƙara. Wani ango ne, ya biya rabi, yana son a ƙara sunan kawunsa da aka manta, kuma ranar Alhamis zai aiko a karɓa.